'Yata Ta Kulle Mini Keke Saboda Ɗigon Jini

Mai ba da shawara, ki agaza mini, 'yata ta sa wa kekena kwaɗo. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ne ke rubutawa, kuma na ce kada ya gyara mini magana.

Zazzaɓi ne ya sa ni gaba. In sha magani ya tafi, bayan 'yan watanni ya dawo kamar ya manta hularsa. A asibiti sun leƙa jinina a madubinsu mai ƙara girman abu, suka ce na cizon sauro ne. Wannan ai ko ni na sani. Yanzu likita ya ce a sake ɗiba a kai wani ɗakin gwaji, inji ya tantance wace ƙwayar cuta ce, wai su ma dangi-dangi ne. Na ce a'a, shi ne 'yata ta kulle keken, wai sai na yarda an ɗiba. Ni da ke riƙe da asalin kowa a unguwarmu, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ban taɓa jin zazzaɓi da dangi ba. Na mahaifina mai karkarwa ne, na ƙanena mai kayarwa, nawa mai komowa, amma duk zazzaɓi ne.

Da keken nan nake zagaya mutane. An yi haihuwa a bayan layinmu, har yau ban san sunan yaron ba. Ki ce mata ta buɗe.

Tsoho mai keke a kulle

Baba, na gaishe ka. 'Yarka ta yi gaggawa, bayani ya kamata ta fara yi maka kafin kwaɗo. Amma da bakinka ka lissafa zazzaɓi uku, kowanne da halinsa.

Ƙwayoyin nan suna kama da juna, a madubi akan rikita su, balle idan ba su da yawa. Gwajin da likita yake so ba fuska yake kallo ba, ƙwayar halittarsu yake karantawa ya faɗi gidan da suka fito. Aikinka ke nan, sai dai shi a jini yake yi. Akwai irin da ke laɓewa a hanta, maganin da aka saba ba ya kai masa, nasa daban ne. Ƙila shi ke dawowa ɗaukar hularsa, ƙila kuma sabon cizo ne. Gwajin zai taimaka wa likita ya gane.

Ka miƙa hannu a ɗiba, ka karɓi makullinka a ƙofar asibiti. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaron bayan layi. Idan ka je tambayar sunansa, ka gaishe mini da mai jego.