Gangar Batso a Bayan Mota

Gardole, Njamena
3 ga Nuwamba, 2003

Zuwa ga 'yata Zaliha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Maiduguri. Mu nan lafiya, sai gwiwa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatun uwarki bai yi nisa ba.

Ƙarar ɗanki na kawo miki. Wannan angon nawa Kamaluddeen, da kika bar mini tun yana rarrafe, ya mai da mini tsakar gida garaji. Ubangidansa Alhaji Ilyasu, mai motocin da ke kai Nasara yawon buɗe ido cikin sahara, ya ce baƙin bana sun fi son motar da ke da wankan ruwan zafi. Wai dush. Direban da ya haɗa shi, shi zai riƙe babbar motar da suke kira kat-kat har ƙarshen sanyi. Shi ne angona ya buga ƙirji.

Ya yi mini bayani kamar na tambaye shi. Ya naɗe bututun jan ƙarfe cikin wani gwangwani, ruwan zafin inji yana bi ta gefensa. Ƙaramin famfo mai aiki da batir yana jan ruwan ganga, ya bi ta bututun, ya koma ganga, yana zagayawa har ya yi zafi. Sai mutum ya tsaya bayan mota a fili, tiyo yana yi masa fitsari a ka. Na ce tir. Babba da gemunsa ya tuɓe a gaban raƙuma.

Baƙin mai kuwa har kan turmina. Jiya na tsinci ƙusa a cikin tsaki.

Abin da ya fi ɓata mini rai, ya ɗauke shuɗiyar gangata ta roba bai tambaye ni ba, wadda nake rufe gurguzu a ciki in ya dahu, har ya zama daddawar batso. Ya wanke ta da omo sau uku, ya cusa kai ya shinshina, ya ce tas. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ce tsohuwa ta tsaya kan miya, ta bar wa masu ilimi aikin ruwan zafi. Ni da na yi wa mata sun fi arba'in wankan jego a unguwar nan. To, na rufe bakina. Ilimi ya yi aikinsa.

Ki gai da kowa.
Mahaifiyarki, Maryamu Maidaddawa

9 ga Nuwamba

Zaliha,

Ina gaishe ki, ina fatan zazzaɓin autarki ya sauka. Ki zauna kafin ki karanta.

Duk macen da ta taɓa yin batso ta san roba ba ta mantuwa. Da ruwan sanyi ba ki jin komai. Ki zuba na zafi, warin shekara goma ya farka. Shi kuwa gwanin naki da bokiti ya yi ta gwaji, bai ɗora gangar ba sai ranar nunawa.

Ranar Alhamis aka taru a garajin Alhaji, har da Baturen da ke turo musu baƙi daga ƙasarsu. Aka tada mota, ruwa ya yi ta zagayawa har ganga ta ɗauki zafi. Baturen nan, don zumuɗi, ya cire hula ya sa kansa a ƙasan tiyo. An ce da farko ya lumshe ido. Daga nan ya fara kakari. Ya ruga bayan wata mota ya amayar da abin da ya karya da shi, ƙudajen garajin kaf suka raka shi. Angona ya shiga ƙasan ruwan da kansa wai ya nuna ba komai, ya fito yana wari kamar mushen jaki a bakin kogin Shari.

Tun yana zaure na san ya dawo. Na toshe hanci da mayafi, na ce ya tsaya can, ba ni da miji mai wannan ƙamshi. Na yi dariya har gwiwata ta daina ciwo.

Shi bai yi ba. Alhaji ya ba shi kwana huɗu, in bai gyara ba a ba wani motar. Ya zauna kan turmi, ya ce in aka karɓe ta ya gama da garin nan, zai bi manyan motoci zuwa Libiya neman aiki. Ba cikin fushi ya faɗa ba, shi ya tsorata ni. Kin san Audu ɗan Sakinatu maƙwabciyarmu, ta wannan hanya ya bi. Shekara huɗu ke nan ko takarda babu, uwarsa har yau in ta ji tsayuwar mota sai ta leƙa.

Zaliha, na san abin da gangar za ta yi, na yi shiru don in ga an kunyata shi kaɗan. Shi yana can yana kwance famfo, yana zargin tiyo, yana zargin kansa. Har yanzu bai gane ba, ni kuma bakina ya yi nauyi. Ki yi mana addu'a, zagin ki ajiye sai mun haɗu.

Mahaifiyarki, Maryamu

18 ga Nuwamba

'Yata Zaliha,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso ta hannun direba, na kuma ji faɗan. Na cancance shi.

Kwana biyu na yi ina fama da gangar nan da ya sauke a tsakar gida, a ɓoye, in ya fita. Toka, kanwa, tsamiya, har turaren wuta na yi mata kamar amarya. Na zuba tafasasshen ruwa, ta sake busa mini warinta a fuska. Ni da nake cin abinci da batso, ranar sai da na tofar da yawu.

A rana ta uku na yafa mayafi na hau taksi zuwa garajin. Wurin ƙazanta ne, ko ina baƙin mai da ƙartai marasa riga. Na sami Alhaji Ilyasu a kan benci, angona yana gefe riƙe da sifana. A gaban kowa na ce aikin yaron nan ba shi da aibi, gangar ce, kuma na sani tun ranar da ya ɗauka, na ƙi faɗa don ya raina ni. Makanikai suka kwashe da dariya. Alhaji ya ce, to Hajiya, ai ke ya kamata a kora. Kamaluddeen ya ɗago ido. Kallo ɗaya ya yi mini ya sunkuyar da kai, na gwammace ya zage ni.

Na sa aka ɗauko gangar ƙarfen da nake dafa ruwan jego, wadda ban da ruwa da ganyen darbejiya ba abin da ya taɓa shiga cikinta. Mai walda ya rage mata tsawo, ya yi mata murfi da baki biyu, suka ɗaure ta a bayan mota. Da ruwan ya yi zafi ba wanda ya yarda ya matsa. Ni na naɗe hannun riga na tara. Na shinshina, na kurkure baki, na wanke fuska. Ruwa ne, shi ke nan. Amma ina nan kan bakata, wanka a tsaye a fili ba tarbiyya ba ce.

An bar masa motar. Sai dai tun ranar bai kira ni amarya ba, sai Kaka, a bushe, kamar mai karanta takardar asibiti. Tuwona ma ya daina ci, wai komai na gidan nan batso yake ji.

Yau Talata da safe suka kama hanyar Faya da Nasara huɗu. Bai yi mini sallama ba. Sakinatu ya gaya wa, da ƙarfi yadda zan ji ta katanga, cewa ranar talatin ga wata zai dawo, a faɗa wa masu gida kada su taɓa masa kayan aiki. Na kwashe su na kai ɗakinsa, har tsummokaran man, na riƙe su da yatsa biyu.

Ya yi ta fushinsa. Mai zuwa Libiya ba ya faɗin ranar dawowa.

Ki gai da maigidanki da yara.
Mahaifiyarki, Maryamu