Fim Ɗin da Kawu Bai Gani Ba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Illela lafiya lau, sai kewarku.

Idanun Kawu Bello sun yi ta dushewa, sai ya roƙe ni in kai shi silima Ƙonni ya kalli fim na Indiya, irin mai ban tausayin nan da yake so, tun yana iya gani. Ran Juma'a munka ƙetara. Ashe sun canza fim. Na farko na dodanni ne, ban ga amfaninsa ba. Na biyu na mutanen ƙarfe a sararin sama, shi kam ya burge ni. Kawu ya dafa ni ya ce, "Wanga mi na? Ba uwa, ba ɗa, wa zan yi wa kuka?" Dole munka fito.

Na ce mu koma wani sati, amma kafin nan ganin ya tafi gaba ɗaya. Yanzu cewa yake in je in kallo in ba shi labari. Wallahi, Yaya, na kasa zuwa ni kaɗai.

Ku sa shi a addu'a. A gaishe da su Hadiza.

Ƙaninka,
Umaru