Ƙararrawar Safiya

Zuwa ga matata Rakiya,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Da kina raye ma dariya za ki yi, tunda kullum cewa kike rubutuna kamar tonon kaji. Amma gobe zan yi abin da kika shekara biyu kina roƙona, kuma tsoro ya hana ni cin abinci. Ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Gida lafiya lau. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta. Tunkiyarki ta haifi biyu. Safiya ta cika shekara bakwai, haƙoranta na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ga ke ce sak.

Kin tuna 'yar ƙararrawar nan da kika sayo a kasuwar Danja, wurin masu kayan dabbobi? Bayan sanƙarau ya tafi da jin Safiya ne, tana shekara biyu. Kika ɗaura mata a ƙafa, kika ce tunda ba ta jin mu, to mu mu riƙa jin ta. Ni kuwa na hau faɗa, wai kin mai da mini 'ya akuya. Ke kuwa sai kika ƙara ƙulli.

Rakiya, na cire ta. Wata uku da rasuwarki na ji yaran unguwa suna bin ta suna kukan akuya. Ita ba ta ji ba, ni ne na ji, ni ne kuma kunya ta kama. Na sa reza na yanke zaren, na ce don ita na yi. Ƙarya nake, don kaina na yi.

Watan jiya na tafi da ita gonarmu ta bakin rafi, saboda Inna ta je asibitin Kafur. Masara ta yi kyau bana, ta wuce kaina. Na zaunar da ita a gindin ɗorawa na shiga cire ciyawa. Da na ɗago, sai takalminta ɗaya. Kin san abin da na fara yi? Kiran sunanta. Na yi ta ƙwala kira har muryata ta dushe, kamar ba ni ne ubanta ba, kamar ban san komai ba. Maƙwabtan gona suka zo, su ma kiran suka kama. Mutum sama da goma muna ihu cikin masara, ga rafi ya cika ya batse, kuma babu ko ɗayanmu da take ji. Duk inda na tsaya na kasa kunne, sai ƙarar ganye. A wannan lokacin na yarda in ba da gonar dungurungum don in ji ƙarar abin nan da na yanke.

Dab da la'asar muka same ta zaune a gaɓa, ƙafafunta cikin ruwa, tana wasa da kwaɗo. Taku ɗaya ne tsakaninta da zurfi. Ta ganni ta washe baki. Ba ta ma san ta ɓata ba.

A ranar na tono ƙararrawar daga kwallarki na mayar mata. Washegari na hau babur zuwa Malumfashi, makarantar kurame da kika dame ni da zancenta. Na ga yara suna hira da hannu, har da gulma da faɗa. Wata malama ta tambaye ni abin da nake iya gaya wa Safiya. Na lissafa: zo, ci, bari. Shi ke nan fa. Shekara biyar muna tare cikin wannan hali, abin da na koya ke nan. Sauran duk ke na bar wa, kika tafi da shi.

Sun karɓe ta, gobe zan kai ta, can za ta riƙa kwana. Inna ta ce rashin imani ne. Wataƙila tana da gaskiya. Wa zai san in ta kama kunnenta na hagu zazzaɓi ne ke tafe? Wa zai san ba ta shan koko sai ya huce? In wani ya zalunce ta, ta yaya za ta kai ƙara? Amma in na riƙe ta, wata rana zan mutu ni ma, in bar budurwar da ba a taɓa gaya mata komai ba sai zo, ci, bari.

Babban abin da ke tsorata ni ban faɗa miki ba tukuna. Ranar da aka sa ki a mota zuwa asibitin Funtua, Safiya tana tsaye a ƙofar gida. Ba ki dawo ba, ni kuma ban san yadda zan gaya mata dalili ba. Har yau in ta ga mota ta tsaya sai ta sheƙa da gudu, ina jin ƙararrawar har zaure, sannan ta dawo a hankali. Gobe ni ne zan juya mata baya in tafi. Me za ta ɗauka? Cewa haka muke yi, ɗaya bayan ɗaya?

Na roƙi malamar ta nuna mini yadda ake cewa zan dawo da maganar hannu. Ta nuna mini. Sati uku ina maimaitawa a gona, har mutane sun fara kallona. Jiya na yi wa Safiya, ta kwaikwaye ni tana dariya, ta zaci wasa ne. Ba ta san wannan maganar ba, Rakiya. Sai na tafi na bar ta za a koya mata.

Ranar Juma'a zan koma, ko ana ruwan ƙanƙara. Kwana huɗu ke nan za ta yi ba ta san ko ni ma na bi ki ba, ni kuma in zauna a gidan da babu ƙararrawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya kai haske kabarinki. Ki yafe mini zaren da na yanke.

Mijinki,
Lawal