Ƙwaryar Hajo

Daren Laraba, watan Rajab, Illela.

Yau na dawo daga Sakkwato, barci ya ƙi zuwa. Da na sauke fatu can birni, na leƙa tsohon soron nan da Turawa suka sa aka yi wa sabon yaɓe, suka jera aikin hannun mutanen yanzu don kallo. Ga riguna, ga sirdi, sai ga ƙwaryar da mai ɗakina ta zana da wuƙa mai zafi, mai zanen motar da ta ga ta wuce Ƙonni. Dariya na yi mata lokacin, ni kuma na ba masinjan Bature ita. Da ya tambayi wanda ya yi, na ji nauyin faɗin sunan matata gaban baƙo, na ce ni ne. To, ga sunana a takarda ƙarƙashinta. Mai gadi da ya ji sunana ya nuna ni, wani dattijo ya kama hannuna yana sa albarka, na ce amin.

Ɗazu mai ɗakina tana ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, mi ka gani birni?"

Na ce, "Ba komi, sai zafi."

A wannan takarda dai, ko ba mai gani, Hajo ce ta yi.