Na'urar Dara Mai Yawan Ciwo

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ku a durƙushe, takalmina a waje, kamar yadda na saba yi a zauren gidanku na Dakata. Ina fata kuna cikin rahamar Ubangiji a makwancinku.

Ba zan rubuta sunanku ba. Ban ƙara faɗarsa ba tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarku Binta, ba kuma yau zan fara ba don mutane na karantawa. Wasiƙar ma sau da yawa ina farawa ina gogewa. Mutum ya rubuta wa surukinsa takarda a gaban jama'a, a kan wasa kuma, abin kunya ne, na sani. Sai dai jikarku Amina ta nuna mini wani abu a makon jiya, kuma ba ni da wanda zan kai wa maganar sai ku.

Kun tuna kantin cin abinci na masaƙar Bompai. Ku ne shugaban masu gyaran injinan saƙa, ni kuwa sabon ɗauka a sashen lantarki, saurayi mai rawar kai. Wani injiniya Ba'indiye ne ya koya muku ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji, wadda ake cin wasa in an kulle sarkin abokin karawa ya rasa gidan gudu. Sauran ma'aikata suka ce wasan ciwon kai ne, suka koma darar gida a gindin bango. Ni na riƙa tsayawa a bayanku ina kallo, da kwanon wake da shinkafa a hannuna, har ranar da kuka ce in daina hura muku iska a ƙeya, in zauna.

Haka muka riƙa yi kullum a hutun rana, auduga a gashin kanmu, kunnuwa na amsa ƙarar inji. Lokacin ku Oga ne kawai a wurina. Mun yi musu, na buga tebur. Akwai ranar da kuka ɗaga doki kuka ajiye, kuka so ku mayar da shi, na cafke wuyan hannunku na ce ba a haka. Yanzu in na tuna na taɓa riƙe hannun nan da ƙarfi, sai in ji kamar in nutse.

Ku kuka jawo, ai. Ku kuka ce in zo Dakata in duba fankar ɗakinku. Binta ta kawo mini ruwa, fankar kuwa ta ƙi gyaruwa sai da na yi ta zarya.

Daga ranar ɗaurin aure komai ya tsaya cak. Ba za a ga suruki da surukinsa suna cin abinci a kanti ɗaya ba, balle su haɗa kai a kan allo suna musu. Na nemi aiki a kamfanin robobi na Sharaɗa, na bar muku Bompai. In na hango ku a hanya sai in sauka daga keke in tsuguna. Ran sallah in zo zaure, in gaishe ku idona a ƙasa, ku amsa kuna kallon bango. Na yi farin ciki da matata, amma na yi kewar abokin wasana, kuma babu wanda zan iya gaya wa ba tare da an ce ba ni da tarbiyya ba.

Da masaƙu suka fara rasa kayan aiki, injiniyan nan ya tattara zai koma ƙasarsu, ya bar muku na'urar darar da ya zo da ita. Ƙarama ce kamar akwati, samanta allo mai ramuka, kowane ɗan dara da tsinke a gindinsa da ake cusawa don kada ya zube. Gefenta akwai maɓallai da 'yan jajayen fitilu. Mutum ya yi wasansa ya gaya mata, ta yi ta ƙifta ido, can ta nuna nata.

Ni ban san da ita ba sai wata Juma'a da Binta ta dawo daga ganin gida da abu naɗe a zane. Ta ce kun ce in duba ta, ba ta da lafiya, kun jera mata wasa ta yi tunani daga azahar har la'asar, sannan ta yi shirme.

Dubi wautata, Baba. Na kwance ta, na bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, na auna abin da ake aunawa, ban ga komai ba. Har na fara naɗe ta zan mayar da saƙon cewa lafiyarta ƙalau. Sai idona ya faɗa kan allon. 'Ya'yan na nan a cushe yadda kuka jera su. Wasan fari ne, kuma ba shi da mafita sai ya miƙa sarauniyarsa kyauta, ya kulle sarki da abin da ya rage. Na kunna na'urar na ba ta, ta yi ƙifce-ƙifcenta ta je ta ci wani soja a gefe. Na matsar da sarauniyar da hannuna, na ce wa Binta in ta je ta ce an gyara.

Wata Juma'ar ta dawo da sabon ciwo.

Kun iya zaɓo mata abin da ba za ta iya ba. Wuraren da sai mutum ya ba da babba ya samu nasara, da wuraren da abin da ya fi shi ne ya yi ɗan motsi maras amfani ya bar abokin karawa ya rusa kansa. Ni ma ina gwada ta kafin in ba da amsa, don gaskiya ina son in ga ranar da za ta ba mu mamaki. Ba ta ba mu ba. Saƙonku ta bakin Binta kusan kullum ɗaya ne: kwaɗayi ne ciwonta, duk abin da aka ajiye mata sai ta ci.

A hankali gwajin ya zama wasa sosai, taku ɗaya kowane mako, ku baƙi ni fari. Binta takan ce ita ba ta taɓa ganin mai jinya irin wannan ba, kowace Juma'a sai an hau bas da ita an kai ta asibiti. Ta san abin da ake ciki, mahaifiyarta ta sani, ina jin har kwandastan bas ya sani. Babu wanda ya taɓa furtawa.

Sai ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, na'urar na jone a ɗakina. Tun kafin in kwance ta na ji ƙaurin. Na zagaya shagunan Sabon Gari da abin da ya ƙone a aljihuna, kowa ya juya shi ya miƙo mini. Mai gyaran lantarki guda, kayan surukinsa ya ƙone a hannunsa. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Tsorona shi ne in ta mutu, ba mu da sauran dalili. Na yi takuna, na naɗe ta, na ce a ce an gyara.

Ta dawo da takunku a kai, babu wayar jonawa. Binta ta ce kun cire kun ajiye, wai nauyi kawai take ƙara mata a hanya. Shekaru muka yi muna aika wa juna gawar na'ura tsakanin Sharaɗa da Dakata, kowa na cewa ita ta faɗi wasan.

Sannan ƙirjinku ya fara ciwo, audugar da kuka shaƙa duk rayuwarku ta tashi. Kuka bar aiki, kuka kwanta. Wata Juma'a Binta ta dawo hannu wofi, idonta ja. Ta ce kun ce na'urar tana son ganin likitanta da kansa.

Na zo bayan la'asar, na tsuguna a bakin ƙofar ɗakinku inda ban taɓa wucewa ba tun gyaran fanka. Kuka ce in matso. Na ɗan ja jiki. Kuka sake cewa in matso, har na iso gefen tabarma. Allon na tsakaninmu, da wasan da muka daɗe muna ja, taku kuma nawa ne.

Ban ɗaga kai ba, Baba, daga farko har ƙarshe. Hannuwanku kawai na gani, sun rame, da tabon nan na babban yatsa inda bel ɗin inji ya taɓa kama ku. Na ga wani taku mai kyau, irin na ranar farko, in miƙa sarauniya in kulle sarki. Na kasa. Na ɗauki wani soja na tura shi gaba a banza, don ku ci wasan mu rabu lafiya. Hannunku ya zo ya mayar da shi raminsa. Kuka ce na'ura ba ta jin kunyar kowa, in yi abin da na gani.

Na miƙa sarauniyar. Hannunku ya tafi wajen doki, ya tsaya a samansa, ya daɗe. Sannan ya janye, ya je ya cinye sarauniyata. Ba a jima ba na kulle sarkinku. Kuka yi dariya har tari ya sarƙe ku, kuka zare sarkin kuka kwantar da shi, alamar kun sallama, kuka ce yanzu kam an gyara.

Ba ku ga azumin shekarar ba.

Tun daga nan nake jin nauyin cewa na ci surukina wasa yana kwance a tabarmar jinya. Amma ku san halin ɗan Adam, a ƙarƙashin nauyin akwai 'yar taƙama. Na sha ba da labarin sarauniyar nan a majalisa, ina ɓoye sunan wanda na kara da shi, ina cewa ban taɓa yin taku mai kyawunsa ba.

Amina, wadda kuke kira amaryarku tana rarrafe, yanzu malamar lissafi ce. Tana da manhajojin ces iri-iri a kwamfutarta, ta ce mutane na tara wurare masu wuya su gwada su a kai, su ga wace ta fi gani. Na ce mata kakanta ya riga su. Na riƙa jera mata naku da na tuna. Yawancinsu kafin in ajiye kofin shayi an warware, sarauniya kuwa miƙa ta suke ba ko gezau. An warkar da su daga kwaɗayi. Ɗaya ko biyu sun sa su ɗan inda-inda, na ji daɗi a madadinku.

A makon jiya na jera mata na ƙarshen, don ta ga gwanintar ubanta. Duk wadda ta gwada amsarta ɗaya. Baƙi ya ƙyale sarauniyar, ya yi tsalle da doki ya tsorata sarkina, daga nan wasana ya ruguje ba gyara. Dokin da hannunku ya tsaya a kansa ne. Amina ta yi dariya ta ce ashe angonta kara ya yi mini. Ni na tashi na shiga ɗaki.

Ku da kuka shekara kuna yi wa na'ura dariyar kwaɗayi, ku da ban taɓa ganin kun ci abin da aka ɗana muku ba, ba kuskure kuka yi ba. Kun hana ni jin kunyarku, sannan ku kuka ji tawa. Kun ƙi ku kayar da mijin 'yarku a ɗakinku. Da na ɗaga ido sau ɗaya, da na gani a fuskarku. Ban ɗaga ba, kuma ga shi na tsufa ina taƙama da kyautar da ban san an ba ni ba, ban ko ce na gode ba.

Na gode, Baba.

Allah Ya gafarta muku, Ya yalwata kabarinku, Ya sanyaya ƙirjin da auduga ta wahalar. Ya saka muku da alheri a kan Binta, da a kan haƙurin da kuka yi da ni. Ya haɗa mu a gidan da za mu iya zama a tabarma ɗaya mu kalli juna.

Na'urar na nan a saman durowa. Jiya na sauko da ita, na jera wasan yadda yake a ranar, sarauniyata a inda na miƙa ta. Na ɗauki dokinku na kai shi gidan da kuka fasa kai shi, na zare sarkina na kwantar. Binta na tsaye a bakin ƙofa, ta tambaye ni ko akwai saƙo. Na ce mata an gyara.

Naku cikin ladabi,
mijin Binta, mai gyaran na'ura.