Sunan da Kaka Take Kiran Baba

Magajiya, Suleja
14 ga Yuli, 1998

Zuwa ga Gwaggo Dokas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan ƙafar ta yi sauƙi kuma daminar Fatakwal ba ta wahalar da ke. Mama na nan lafiya, sai dai rama. Jikin Baba kuwa yana yadda ɗan'uwana Elisha ya faɗa miki: tun da ya faɗi a watan Mayu, ɓarin dama bai motsa ba, bakinsa bai buɗe ba. Yana kallonmu kawai.

Gwaggo, wata 'yar magana ce ta sa na ɗauki biro, amma ta hana ni sukuni. Kin san waƙoƙin garinmu da Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana bin tsofaffi yana rubutawa. Bara ya kwashe su duka cikin tsohuwar kwamfutar da ya sayo a Abuja, takardun kuma gara ta cinye su. Mako guda kafin ya faɗi kwamfutar ta rikice, sai Callistus, mai gyara a hanyar Diko, ya ɗora mata sabon tsari, ya ce waƙoƙin na ciki. Yanzu in an kunna sai ta nemi suna da kalmar sirri. Kalmar mun same ta a bangon Littafi Mai Tsarki. Sunan ne babu.

Kin san ƙanenki da ɓoye-ɓoye. Callistus ya ce korar shi waje Baba ya yi, ya buga sunan da kansa da yatsa ɗaya, yana dariya wai sunan da uwarsa ke kiransa ne, ɓarawo ba zai taɓa cankowa ba. To ga mu, 'ya'yansa, mun zama ɓarayin. Mun buga sunansa Nehemiya, mun buga Malam, Tanko, har sunan kakansa da aka mayar masa. Ta ƙi. Na tsuguna a gabansa ina jero sunaye ko zai ƙifta ido, sai hawaye kawai. Callistus ya ce abin da ya iya shi ne ya goge ya sake, kuma bai yi alkawarin waƙa ko ɗaya za ta tsira ba.

Kaka ba ta taɓa faɗin sunansa na yanka ba, tunda sunan surukinta ne. Ta rasu ban yi wayo ba, tsofaffin da suka rera waƙoƙin ma duk sun bi ta. Elisha ya ce kwanakin nan kina rikita sunayen jikokinki, don haka, gaskiya, ban sa rai sosai ba. Duk da haka ki zauna ki tuna yadda Kaka take ƙwala wa Baba kira in ya daɗe a rafi. Ko sunan bai buɗe kwamfutar ba, ina so in kira shi da shi a kunne tun yana ji.

Ki gaida Esther da maigidanta Sebastine da yara. Mama na gaishe ki.

Taki 'yarki,
Debora