Kazar da Inna Ta Bari

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Murar tsuntsaye ta shigo unguwarmu. Ma'aikata sun zo cikin fararen kaya har fuska, suka kwashe kajin kowa. Namu sha ɗaya suka ɗauka, alhali sha biyu ne. Gurguwa ce babu, kazar da Inna ta rasu ta bari. Na tambayi Baba, ya ce, "Kai ne makiyayinta?" Amma tun ranar yake kulle ɗakinsa, kuma na ga dusa a aljihun rigarsa.

Kin tuna yadda Inna ke yi wa ɗan tsako in ya langaɓe? Ta buɗe bakinsa ta hura masa iska, ta naɗe shi a zanenta, mu muna tsugune muna jiran ya motsa. Jiya na ji irin wannan hurawar ta bayan ƙofar Baba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

Auta,

Lafiya lau muke. Kai wane irin mutum ne? Ka ji da kunnenka, ka zauna kana rubuto min tarihi! Ciwon nan yana kama mutum, na gani da idona a asibitin da nake aiki. Ɓalle ƙofar nan yau. Kada ka taɓa kazar, kira ma'aikatan. In jikin Baba ya yi zafi, sai asibiti, kuma ka faɗa musu gaskiya.

Allah ya tsare.
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa, ban ɓalle ba, kin san Baba, ba a yi masa ƙarfi-ƙarfi. Zama na yi a bakin ƙofa tun safe, har ya gaji ya buɗe da kansa. Gurguwa na ƙarƙashin gado, naɗe cikin zanen Inna mai ruwan ganye, zankonta ya yi baƙi.

Ya ce, "Ita kaɗai ta rage wadda ta ci daga hannun uwarku."

Na ce, "Ni fa, Baba? Da ƙafa ta ciyar da ni?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da na riƙe shi, jikinsa zau. Sai ya ce, "To kira ma'aikatan."

Yanzu yana asibiti, ɗaki shi kaɗai, ta gilashi nake ganinsa. Ni ma kullum sai an auna ni. Ki sa mu a addu'a.

Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Alhamdu lillahi, zazzaɓin ya sauka, yau har ya sha shayi. Bai tambayi Gurguwa ba. Zanen Inna ya tambaya, na ce na wanke yana kan igiya.

Tare da kazar aka ƙone shi, Yaya. Ke za ki faɗa masa, ko ni?

Ƙaninki, Auta